Ni ina neman lada, Baba yana neman ƙafarsa

Ranar da na fitar da mahaifina daga asibiti babu wanda ya tilasta mini. Da hankalina na karɓi biro na sa hannu a takardar da ke cewa ni na ɗauke shi ba da yardar likita ba, kuma duk abin da ya biyo baya a wuyana yake. Sai da na karanta ta tsaf, don ni malamin makaranta ne, ba zan ce an rufe ni ba. Kwanansa goma sha ɗaya ke nan a gado. A lokacin gani nake mutuncinsa na ceto.

Garinmu yana kan hanyar da ta tashi daga Funtua ta bi ta Bakori ta nufi Malumfashi, ƙasar masara da dawa da auduga, inda magidanci ke ɗaga kai da yawan buhunan da ya jera a kaka. Baba manomi ne tun tasowarsa. Yana da shekara sittin da bakwai amma shi ke riƙe garmar shanu in ya ga yara suna karkata kunya. An taɓa auna shi aka ce yana da hawan jini. Ya sha magani wata biyu, ya ji garau, ya ajiye, mu ma ba mu matsa masa ba.

A farkon Oktoba, masara ta bushe a tsaye tana jiran karya, ya fito alwalar asuba sai buta ta suɓuce masa. Inna ta ji faɗuwarsa ta fito. Bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki, yana son magana amma harshe ya ƙi. Maƙwabta suka taru, wannan ya ce iska ce ta buge shi, wancan ya ce jifa ne. Aka yi tofi, aka shafa masa man zaitun, sannan aka kira ni a waya. Sai da hantsi ya dubi ludayi muka isa babban asibitin Funtua, daga nan aka tura mu asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Can aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Likita ya nuna mini wani tabo a ɓarin hagu, ya ce jijiyar jini ce ta toshe, wurin ya rasa jini. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke tafiyar da ɓarin dama na jiki, kuma ga yawancin mutane a nan magana take, shi ya sa abin ya haɗa hannu da ƙafa da harshe. Ya ce wani nasa toshewa ce, wani kuma jijiyar fashewa take yi jini ya zuba, maganinsu kuwa ba ɗaya ba ne, don haka ba a ba mutum komai da ka kafin a ga hoto. Akwai allurar da ke narkar da gudan jinin, amma sai cikin awa huɗu da rabi da faruwar abin, mu kuwa mun daɗe da wuce nan. Daga baya na san cewa Shika da asibitin Malam Aminu Kano suna cikin asibitocin Najeriya da Ghana da aka gudanar da wani babban bincike mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan yake cikin jagororinsa, aka fitar da sakamakonsa a 2018. Abin da suka gano shi ne hawan jini ya fi kowane dalili, yana da hannu a kusan tara cikin goma na masu shanyewar ɓarin jiki a wannan yanki namu. Kwalin maganin da Baba ya ajiye yana nan a kan katangar ɗakinsa, rabi ba a taɓa ba.

Amma ba wannan ne laifin da ya sa na ɗauki alƙalami ba. Wancan sakaci na gida ne gaba ɗaya. Wanda zan faɗa nawa ne ni kaɗai.

Kwana na uku wata matashiya ta zo daga sashen gashi. Ni da na ji an ce gashi, na zaci ruwan zafi da tawul za a kawo, ko fitilar nan mai ɗumi. Sai na ga ta gaishe shi, ta juya shi a hankali, ta zaunar da shi a bakin gado ƙafafunsa na lilo. Kansa na rangaji, miyau na zuba ta gefen baki. Ta sa shi ya jingina nauyinsa a ɓarin da ya shanye, ta saki, ta tare, ta sake saki. Kullum sai ta zo. Ranar kwana na tara ita da wani abokin aikinta suka tsayar da shi a kan ƙafafunsa. Gwiwar dama ta lanƙwashe, zufa ta karyo masa, wandon da aka ɗaura masa ya zame a gaban mutanen ɗakin. Sai ya fashe da kuka. Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba, ko ranar da aka binne ƙaninsa.

Ta gyara masa wandon kamar ba a yi komai ba, ta ce, "Baba, sannu da ƙoƙari. Saura uku."

Na ce, "Likita, ya isa haka."

Ta ce, "Malam, wannan kukan ciwon ne ke kawo shi, da yawansu suna yi ko ba a taɓa su ba. In ka bar shi ya kwanta, jikin zai saba da kwanciya."

Ban ji ta ba. Abin da nake gani kawai shi ne yarinya sa'ar autarmu tana wahalar da dattijon da ake durƙusa wa a ƙofar gida.

Na samo wa kaina dalilai, kuma kowannensu gaskiya ne. Kuɗi na tafiya kamar ruwa, mun riga mun karya masara mun sayar da buhu takwas a farashin kaka, lokacin da hatsi ya fi arha. Gona na jira, kuma wanda ya san halin da Faskari da Sabuwa da Dandume suka shiga da 'yan bindiga ya san ba a barin amfani ya kwana a daji. Hutun da aka ba ni a makaranta ya kusa ƙarewa. Duk da haka, in na tambayi zuciyata tsakanina da Allah, da ba a yi wancan kuka ba da na nemo kuɗin. Ina da ƙannai biyu da za su iya da gona. Idona ne ya kasa ɗauka.

Da muke fita ta biyo ni har bakin mota da takarda mai zane-zane, ta ce ko a gida a riƙa yi masa waɗannan safe da yamma, kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kada a ba shi abinci yana kwance, kuma in dawo da shi bayan mako biyu. Na yi godiya, na linke takardar na sa a aljihu. Ban sake buɗe ta ba sai bayan wata biyar.

A gida na zage damtse. Na dawo da kwana ƙauye, ina zuwa makaranta a babur. Ni ke yi masa wanka, ni ke sa masa riga, ni ke ɗaukarsa cak in kai shi bayan gida. In zan tayar da shi sai in kama hannayensa biyu in ja. Abinci da hannuna nake ba shi, don ban yarda a ga Baba yana ci da hagu ba. In ya miƙa lafiyayyen hannun zai ɗauki kofi, kafin ya kai na riga na kai masa baki. In ya fara haɗa kalma yana in'ina, sai in ƙarasa masa don kada ya sha wuya. Na sa masa matashi a ƙarƙashin gwiwa don ya ji daɗin kwanciya, ban san ina taimaka wa ƙafar ta ƙage a lanƙwashe ba. Aka kawo rubutu muka ba shi, aka kawo man shafawa iri-iri muka shafa, kuma har yau ban ga laifin addu'a ba. Abin da na hana shi shi ne motsi.

'Yan dubiya kuwa sai sa albarka. "Allah Ya ba mu ɗa irin Magaji." "Kai kam ka gama samun aljanna a nan." Ina jin daɗin maganar nan ƙwarai, kuma ita ta rufe mini ido. A wurinmu ɗa nagari shi ne wanda ba ya bari uba ya ɗaga ko tsinke, kuma a kowane ciwo haka ne daidai, ban da wannan.

Inna ce ta fara gani. Wata rana na dawo na tarar ta ajiye masa kwanon fura da ludayi a gefen hagu ta koma bakin murhu, shi kuma yana ta kokawa, fura ta ɓata masa gemu da gaban riga. Na yi saurin karɓe ludayin, har na ɗaga murya a kan me za a bar shi haka. Baba ya dube ni, ya ɗaga hannun hagu ya buge mini hannu. Inna ba ta juyo ba, tana iza wuta ta ce, "Magaji, kai lada kake nema, shi kuwa ƙafarsa yake nema. Ka bar bawan Allah ya yi da kansa."

Na yi fushi kwana biyu, na ci gaba da abin da nake yi.

Cikin hunturu, wata safiya ina sauri, na ba shi kunu yana kishingiɗe. Ya sarƙe, ya yi tari har idonsa ya yi ja, na bubbuga masa baya ya lafa. Kwana biyu sai zazzaɓi mai zafi da numfashi sama-sama. Muka koma Shika. Suka ce ciwon huhu ne, kunun ya bi ta hanyar iska, domin ciwon yakan raunana haɗiya, kuma wannan na cikin abubuwan da suka fi kashe masu shanyewar jiki bayan sun tsallake kwanakin farko. Abin da aka ja mini kunne a kansa a bakin mota ke nan.

Da zazzaɓin ya sauka, likitar gashin nan ta zo. Ta gane mu. Ta kama hannun dama, wanda ya naɗe a ƙirji yatsu sun dunƙule kamar mai ɓoye goro. Ta fara buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Tafin ya yi fari fat don damshi, farce ya huda fata, ga wani wari da ni mai yi masa wanka kullum ban taɓa ji ba, saboda ban taɓa buɗe hannun ba, ina tsoron kada ya ji zafi. Ta taɓa kafaɗar, Baba ya yi ƙara. Akwai rami tsakanin ƙashin kafaɗa da na dantse, yatsa yana shiga. Naman da ke riƙe gaɓar ya saki, jan da nake yi ya ƙara zamar da ita.

Ba ta ce mini komai na zargi ba. Ta tambaya kawai, "Wata nawa ke nan?" Na ce huɗu. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "To, mu fara daga inda muke."

Ita ta zauna ta yi mini bayanin da na ƙi saurara da farko. Wurin da ya mutu a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa, amma na kusa da shi suna iya koyon aikinsa, kamar yadda maƙwabta ke nome gonar mamaci. Ba sa koya sai an yi ta maimaita motsin, ɗaruruwa a rana. Kuma wannan koyo ya fi sauri a wata ukun farko, yana raguwa zuwa wata shida, bayan nan ana samun ci gaba amma da jan ƙafa. Wani masani a Amurka, Edward Taub, ya nuna cewa gaɓar da aka daina amfani da ita ƙwaƙwalwa kan koyi mantawa da ita, ko da akwai sauran ƙarfi a cikinta, har ta kai a wasu marasa lafiya ana rufe hannu mai lafiya don a tilasta wa mai ciwon aiki. Wata ukun nan masu daraja ni na cinye su da hidima.

Kada wani ya ji wannan ya koma gida ya fizgo mara lafiyarsa daga shimfiɗa. Wani babban gwaji da aka jagoranta daga Ostireliya, aka fitar a 2015, a kan mutum fiye da 2,000, ya nuna cewa matsa wa mutum da tashi da yawa cikin awa 24 na farko yana iya rage samun sauƙi. Abin yana da ma'auni da lokaci, kuma masu aikin su suka san shi. Shi ya sa zaman asibitin yake da amfani.

A satin nan ne na ga wani dattijo daga wajen Ƙafur wanda gadonsa ke kusa da na Baba a karon farko, shi ma dama ce ta shanye. Ya zo ganin likita, yana tafe da sanda shi kaɗai, ɗansa na bayansa da leda. Ya gaishe ni da hannun dama, riƙon ba ƙarfi amma riƙo ne. Na gaya wa likitar, ta ce kada in auna ciwon wani da na wani, tabon kowa daban, mai yiwuwa ko Baba ya zauna hannun ba zai dawo duka ba. Na san gaskiya ta faɗa. Na kuma san ba ni da hanyar sani, don ni na toshe hanyar.

Wannan karon ni na roƙa a bar mu. Muka sayar da bijimi ɗaya cikin shanun huɗa, muka yi mako biyar. A ƙasashen Turai akwai ɗakuna na musamman da ake kwantar da irin waɗannan marasa lafiya don koyon rayuwa kaɗai. Mu a nan yawanci a gadon jinya ake farawa, sannan a riƙa tura mutum a keke zuwa sashen gashi. Na'urori ba su ne suka ɗaga Baba ba. Abin da ya samu a can wanda babu a gida shi ne tsari da mutanen da tausayinsu ba ya sa su karɓe masa aiki. Da safe a auna jini a ba shi magani. A juya shi kowace awa biyu don kada kwanciya ta ci masa baya. A zaunar da shi tsaf kafin abinci, kunu a dama shi da kauri, a ba shi lokaci ya haɗiye. Sai tashi daga zaune, goma, a huta, goma. Sai tsakanin ƙarafa biyu, taku huɗu, washegari shida. Ni kuwa aikin da aka ba ni shi ne in tsaya a ɓarinsa na dama in goya hannayena a baya. Ban taɓa yin aikin da ya fi wannan wuya ba.

Maganar ci da hagu, limamin garinmu ne ya warware ta da ya zo dubiya. Ya ce, "Alhaji, lalura ce, Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Wanda aka yarje wa sallah a zaune ba za a hana shi tuwo da hagu ba." A daren nan aka kawo tuwon masara miyar kuka. Na ajiye masa na koma gefe. Loma ta farko ta faɗi a cinya, ta biyu ta shafi kumatu. Ya fi rabin awa a kan malmala ɗaya. Da ya gama ya lashe yatsunsa, ya ce "Alhamdu lillahi" tar, babu in'ina, kalma ta farko cikakkiya da na ji daga bakinsa tun Oktoba. Zariyar wando ta ɗauke shi kwana goma sha biyu, yana danne bakin ɗaya da gwiwar hannun dama yana zarge ɗayan da hagu. Ranar da ya ɗaure ta, ya kori kowa daga bayan labule.

Abin da ke damuna yanzu shi ne yawan gidajen da nake shiga dubiya tsakanin Funtua da Malumfashi in tarar da irin ɗakin da na yi wa Baba: dattijo ko dattijuwa a shimfiɗa, hannu a naɗe, iyali na kewaye da shi da ƙauna, kowa na rige-rigen ba shi ruwa a baki. Wasu ba su da halin zaman Zariya ko Katsina ko Kano, wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma masu gashi sun yi mana kaɗan a wannan yanki. Amma na ga gidajen da za a fitar da buhu ashirin don biki, a ce mako uku na gashi ɓarnar kuɗi ne tunda ba allura ake yi ba. In na samu fuska nakan ja babban ɗan gefe in ba shi labarina, ban ɓoye ko ɗaya ba, har kunun.

Da muka dawo gida na buɗe takardar nan ta aljihu, ta yi laushi, zanen ya fara gogewa. Muka kafa turaku huɗu a tsakar gida muka ɗaura gora biyu a kai, daidai ƙugu, ya riƙa bi tsakaninsu bayan asuba da bayan la'asar. Mai walda ya yi masa kujera mai rami da abin dafawa aka ɗora a kan masai. Silifa muka daina, don tana zamewa daga ƙafar da ke ja, aka saya masa takalmi mai maɗauri. Inna ta rage gishiri da dunƙule a miyar gidan gaba ɗaya, kuma ita ke riƙe da maganin hawan jini, ba ya wuce lokacinsa.

Ƙafa ta dawo. Hannun bai dawo ba. Yatsun suna buɗewa in an buɗe su, yana iya danne takarda ko tare kwano da shi, amma ba zai ƙara riƙe garma ba, kuma kafaɗar tana yi masa ciwo duk sanyi. In zai gaisa da mutum sai ya tallabo hannun dama da na hagu ya miƙa. Kullum na ga haka sai na tuna biron nan.

Daga zaurenmu zuwa masallacin unguwa taku tamanin ne da 'yan kai, na ƙirga. Ranar da ya fara zuwa da ƙafarsa magariba ce, yana riƙe da sanda mai ƙafa huɗu, ni ina dama da shi. A bakin kwata ya yi tuntuɓe, jikinsa ya karkato wajena. Hannuna ya riga ya fito. Bai dube ni ba, ya ce, "Bari." Na mayar da hannun baya. Ya tsaya, ya gyara sandar, ya ɗaga ƙafar dama ya tsallake. An riga an tayar da iƙama, liman ya hango mu ta taga, ya dakata har Baba ya shiga sahu.